Hoto Shaida Ne: Ɗaukar Hoton Hamada, Namun Daji da Zaman Karkara

Mun sani sarai, duk ɗalibin da ya karɓi wannan littafi na shekara, shafin hotuna zai fara buɗewa, ya bi da yatsa yana neman fuskarsa a cikin 'yan ajinsu. Ba mu ga laifinsa ba, gama mu ma haka muka yi a zamaninmu. Nan da shekara 20, sa'ad da aka manta da yawancin abin da muka rubuta a nan, wannan hoton ne zai tsaya ya ba da shaida cewa wane da wance sun taɓa zama a benci ɗaya. To, abin da hoto yake yi wa aji ɗaya, shi ne yake yi wa ƙasa da dabbobinta da mutanenta. Saboda haka muka ga ya dace mu yi ɗan bayani a kan ɗaukar hoton hamada, da namun daji, da zaman karkara a nahiyarmu ta Afirka. A yau kusan kowane gida akwai wayar hannu mai kamara, ɗalibanmu da yawa kuma suna ta ɗaukar hotuna ba tare da wani ya taɓa nuna musu hanya ba.

Abin da hoto yake riƙe mana

Bari mu soma da labarin wata bishiya. A cikin hamadar Tenere, a arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar, an yi wata bishiyar ƙaya guda ɗaya tak, tana tsaye ita kaɗai a tsakiyar rairayi, sai a yi doguwar tafiya a kan raƙumi ba a ga wata ba. Ayarin Abzinawa masu zuwa Bilma ɗauko gishiri da ita suke gane hanya, ba kuwa mai karya reshenta ya hura wuta. Da aka haƙa rijiya kusa da ita wajen 1939, aka tarar saiwoyinta sun nutse fiye da mita 30 cikin ƙasa suna bin ruwa. A shekarar 1973 wata babbar mota ta banke ta, ta faɗi. Aka ɗauke gangar jikinta aka kai gidan ajiye kayan tarihi na Yamai, aka kafa wata ta ƙarfe a gurbinta. Yau duk wanda yake so ya ga yadda take a tsaye da ganyenta, sai dai ya nemi hotunan da matafiya suka ɗauka kafin wannan shekara.

Haka kuma maganar Tafkin Chadi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980, wajen kashi 90 cikin 100 na shimfiɗar ruwansa ya janye, ko da yake ruwan ya ɗan dawo daga baya. Masunta sun daɗe suna faɗar haka da baki, amma duniya ba ta girgiza ba sai da aka jera hotunan da taurarin ɗan'adam suka ɗauka shekara bayan shekara, kowa ya gani da idonsa. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Wannan aiki kuwa ya girmi kamara. A wani wuri da ake kira Dabus, arewa da Agadas, akwai siffar raƙuman dawa biyu da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, babban ya fi mita 5 tsawo. Masana sun kimanta cewa sun yi shekara 6,000 ko fiye. Yau babu raƙumin dawa ko ɗaya a wannan yanki, amma wanda ya sassaƙa su ya bar mana shaida cewa an yi lokacin da Sahara take da ciyawa da ruwa.

Ashe ke nan mai ɗaukar hoto mai ba da shaida ne. Ana bukatar mai shaida ya ga abu da kyau, ya tsaya har ya gani, sa'an nan ya faɗi gaskiya ba tare da ya ci mutuncin kowa ba. Za mu bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Hamada: sanin haske

Abu na fari da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, kamara ba ta san raƙumi ba, ba ta san dutse ba, haske kaɗai take gani. Bafaranshen nan Niyefs, wanda ya ɗauki hoton da ya fi kowane daɗewa a cikin waɗanda suka rage, wajen 1826, sai da ya bar farantinsa a bakin taga sa'o'i masu yawa kafin haske ya bar alama a kai. Kamarar yau tana gama wannan aiki cikin ƙiftawar ido, amma har yanzu haske ne yake yin zanen. Babu kuwa inda za a koyi wannan kamar hamada, domin a can babu abubuwa da yawa da za su ɓoye kuskure.

Sahara ta kai wajen murabba'in kilomita miliyan 9. Mutane da yawa suna tsammani dukanta rairayi ce, alhali kuwa tuddan rairayi ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran duwatsu ne kamar na Azbin, da filayen tsakuwa, da fako. Ko a kan wanne mutum ya tsaya, tsakar rana ita ce lokaci mafi muni na ɗaukar hoto. Rana tana bisa kai, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, tudu mai tsawon gaske ya fito a hoto a shimfiɗe kamar tabarma. Amma da sassafe, ko da la'asar sakaliya, haske yakan zo daga gefe. Sai ɓangare ɗaya na tudu ya yi ja, ɗayan ya yi duhu, layukan da iska ta zana a kan rairayi su fito fili kamar kitso. A ƙasashenmu wannan lokaci gajere ne, gama rana tana hawa sama a miƙe, da wuya ya wuce sa'a ɗaya bayan fitowarta da sa'a ɗaya kafin faɗuwarta. Don haka gwanaye sukan zaɓi wurin tsayawa tun jiya, su kwana kusa, su tashi da asuba. Ba su kuma taka tudun da suke so su ɗauka, domin sawun mutum ɗaya ya isa ya ɓata shi, sai iskar dare ta sake share shi.

Akwai sanannen misali daga hamadar Namib ta ƙasar Namibiya. A shekarar 2011 mujallar National Geographic ta buga wani hoto na Frans Lanting, wanda ya nuna busassun itatuwa baƙi ƙirin a gaban wani tudu ja. Mutane da yawa suka ɗauka zanen fenti ne. Abin da ya yi kawai shi ne ya jira lokacin da ranar safe ta haska tudun, kwarin da itatuwan suke kuwa yana cikin inuwa tukuna.

Abu na biyu, rairayi yakan ruɗi kamara. An ƙera ta ne ta ɗauka kowane wuri matsakaicin haske gare shi. Idan ta ga farin rairayi yana walƙiya sai ta tsuke idonta fiye da kima, hoton ya fito da launin toka. Maganinsa shi ne a ƙara mata haske mataki ɗaya. A yawancin wayoyi, idan aka taɓa fuskar waya wata alamar rana takan fito, sai a ja ta sama kaɗan, a ɗauka, a duba.

Abu na uku shi ne girma. Tudu mai tsawon mita 100 yana iya fitowa kamar tulin yashin magina idan babu abin da ido zai gwada shi da shi. A jira raƙumi ko mutum ya shigo cikin hoton, ko da ƙarami ne kamar tururuwa. Wannan ne ya sa hotunan ayarin gishiri, masu ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma bayan damina, suke da kwarjini: jerin raƙuma da dogayen inuwoyinsu su ne suke gaya wa ido faɗin wurin. A kuma lura da layin da sama ta haɗu da ƙasa. Kada ya karkace, kada kuma ya raba hoto biyu daidai. Idan ƙasa ce abin kallo a ba ta kashi biyu cikin uku, idan gajimare ne a ba sama.

Da hunturu kuma ga hazo, wanda yawancinsa yake tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ranar da hazo ya sauka, duwatsun nesa sukan ɓace, sai a bar su a koma kan abin da yake kusa, domin haskensa mai taushi ne, yana yi wa fuska kyau. Amma ƙura maƙiyiyar kamara ce. A sa ta cikin leda a ɗaure sa'ad da ba a aiki da ita. Kada a goge idonta da bakin riga, gama ƙwayar rairayi tana kankare gilashi, a fara hure ƙurar tukuna. Kada kuma a bar ta cikin mota a rufe da rana, zafi yana lalata batir.

Muna ƙara jan kunne cewa ba a shiga hamada sai da ɗan ƙasa mai sanin hanya, da ruwa isasshe, da izinin hukuma. Wurare da yawa na Sahara suna fama da rashin tsaro a 'yan shekarun nan. A Nijeriya ma akwai tuddan rairayi da dausayi mai dabino da goruba a wajen Yusufari ta Jihar Yobe, amma ko can ɗin sai an tambayi halin da hanya take ciki.

Namun daji: haƙuri

Tudun rairayi yana nan inda aka bar shi, amma dabba ba ta yi wa kowa alkawari ba. Wanda yake son hotonta sai ya fara sanin halinta: abin da take ci, inda take shan ruwa, da lokacin da take fitowa. Mu ɗauki Yankari ta Jihar Bauchi, wadda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244. Wanda ya je da damina zai tarar ciyawa ta fi shi tsawo, ruwa kuma ko'ina, dabbobi sun warwatsu. Amma da ƙarshen rani, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, ƙishirwa takan kora giwaye da ɓauna da gwanki zuwa kogin Gaji da safe da yamma. Sanin wannan kaɗai ya fi kamara mai tsada amfani.

Sauran ilmin kuwa yana wurin maharba da ma'aikatan daji, waɗanda suke karanta sawu da kashin dabba kamar yadda muke karanta littafi. Daga wurinsu muka koyi a tsaya inda iska za ta buso daga wajen dabba zuwa wajen mutum. A ɗebi 'yar ƙura a saki, za a ga inda ta nufa. Giwa ba ta da kaifin ido sosai, amma hancinta ba ya kuskure. A sa tufafi masu launin ƙasa, a bar turare a gida, a yi shiru.

Akwai iyakar da ba a ƙetarewa. Idan dabba ta daina kiwo ta ɗaga kai ta zuba wa mutum ido, to, ya matso da yawa, sai ya ja da baya. Giwa mai ɗa, da ɓauna, da dorinar da aka tsaya tsakaninta da ruwa, duka suna kisa. Ba a sauka daga mota sai ja-gaba ya ce a sauka. Ba a jifan dabba don ta juyo, ba a kuma ba ta abinci don ta matso. Duk wanda ya kwana a sansanin Wikki ya ga yadda birai suka saba da abincin mutane har suna fizge shi daga hannu. Masu wannan sana'a suna aiki da dogon idon kamara, na milimita 300 ko fiye, don su jawo dabba kusa alhali suna nesa. Jawowar da yawancin wayoyi suke yi kuwa yanka hoton ne kawai a faɗaɗa shi, shi ya sa yake fitowa dishi-dishi. Mai waya gara ya ɗauki dabbar tare da dajinta, garke a bakin kogi da itatuwa a bayansa, wannan ma shaida ce mai kyau.

Game da ɗaukar kanta, dabba mai motsi tana bukatar kamara ta ƙifta da sauri, kamar kashi 1 cikin 500 na sakan, tsuntsu mai tashi kuwa kashi 1 cikin 1,000 ko fiye. A kashe injin mota don kada rawarsa ta girgiza hoto. A cika 'yar jaka da wake ko gero a ɗora a bakin taga, a kwantar da kamara a kai. A saita ta a kan idon dabbar, domin idan ido ya fito sarai, mai kallo yakan yafe sauran. Kada a haska wa dabba fitilar kamara da dare. Bayan wannan sai jira. Ana iya yin sa'a uku a zaune ba a samu kome ba, a dawo gobe. Mai haƙuri shi yake dafa dutse ya sha romonsa.

Wani zai ce, duk wannan wahala don me? Ga amsa daga Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai, inda ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke kiwo a cikin gonakin mutane. A 1996 saura 49 kacal. Kowane raƙumin dawa yana da zanen jiki nasa na kansa, kamar yadda zanen yatsan mutum ba ya haɗuwa da na wani. Don haka masu ƙidaya sukan ɗauki hoton kowanne, gefen dama da gefen hagu, su ajiye. Ta haka ake sanin wanda aka haifa da wanda ya ɓace, ba a kuma ƙirga ɗaya sau biyu. Da taimakon mutanen ƙauyukan wurin, bayan shekara 20 da 'yan kai sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai dajin Gadabeji. Abin baƙin ciki, a watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a wannan wuri, baƙi 6 da 'yan ƙasa 2, abin da ya sa muke nanata maganar tambaya kafin tafiya. Haka kuma mariri, farar dabbar nan ta bakin hamada mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa baya. A shekarar 2000 aka bayyana cewa ta ƙare a daji, sai a gidajen ajiye dabbobi. A 2016 aka fara mayar da ita ƙasar Chadi, tana kuwa haihuwa a can.

Ba sai an je nesa ba. Mu da muka yi makaranta a shekarun 1990 mun tashi mun ga ungulu cike da kowace mahauta, ba wanda ya ga dalilin ɓata fim a kanta. A 2015 aka sa irin ungulun nan tamu cikin jerin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa a duniya. Ɗalibanmu nawa ne suka taɓa ganinta da ido? Saboda haka a fara da abin da yake bayan gida: balbela a cikin shanu, shamuwa da ta sauka da farkon damina, ƙadangare a jikin katanga.

Gargaɗi biyu a nan. Kada a ɗauki dabba a keji a ce a daji aka gan ta, kada kuma a haɗa hoto da kwamfuta a ce haka ya faru. Yanzu da na'urori suke iya ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa aukuwa ba, darajar mai hoto tana ga gaskiyarsa. Na biyu, waya takan rubuta wurin da aka ɗauki hoto a ɓoye cikinsa. Wanda ya sa hoton giwaye a intanet nan take, yana iya nuna wa masu farautar haure hanya bai sani ba.

Zaman karkara: mutunci

Giwa ba ta jin kunya, dutse ba shi da suruki, amma mutum yana da mutuncin da yake karewa. Wannan darasi a wani ƙauye muka koye shi, ba kuwa da daɗi ba. Wata shekara da kaka muka fita da ɗalibai yawon ilmi, muka tarar da mata suna sussukar gero a bakin gari. Hasken yamma ya ratsa ƙaiƙayi, abin gwanin kyau. Kafin mu ankara, yaranmu sun ɗaga wayoyi, mu malamai ma ba mu hana ba. Sai wata tsohuwa ta ajiye taɓarya, ta dubi yaron da yake gaba, ta ce, "Ɗan nan, a garinku ba a sallama ne?" Kunya ta rufe mu duka. Muka sa aka goge hotunan a gabanta, muka ba da haƙuri, muka nemi gidan mai gari muka gaishe shi, muka faɗi abin da ya kawo mu. Da za mu tafi, tsohuwar nan da kanta ta aiko a kira yaron. Ta canja zane, ta ɗaura ɗankwali, ta tsaya a gaban rumbunta, ta ce, "To, jikana, yanzu ɗauka." Ashe abin da ta ƙi shi ne a nuna ta cikin ƙura kamar wadda ba ta da kome, alhali rumbunta cike yake. Da muka wanke hoton muka kai mata, sai da ta zagaya da shi gida gida.

Daga ranar muka kafa wa kanmu ƙa'ida. A fara da sallama da gaisuwa. A nemi mai gari ko mai unguwa. A faɗi abin da za a yi da hoton, musamman idan za a sa shi a intanet. Wanda ya ƙi, ko don addini, ko don kunya, ko ba dalili, a yi masa godiya a wuce. Ba a ɗaukar yaro sai da yardar iyayensa, ba a leƙa cikin gida, ba a ɗaukar mara lafiya ko masu makoki don abin kallo. A kuma nisanci shingen sojoji da 'yan sanda da gine-ginen tsaro, domin wannan yana jawo wa mutum tsarewa.

Maganar tana da tarihi. A zamanin mulkin mallaka, baƙi ne suka ɗauki yawancin hotunan mutanen karkara, aka buga su a katin gidan waya aka aika Turai, a ƙasa a rubuta sunan ƙabila kawai, kamar mutumin ba shi da suna. Amma tun da wuri 'yan Afirka suka karɓi kamara. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, shi ne ya ɗauki sanannen hoton Oba Ovonramwen na Bini a cikin jirgin ruwa a 1897, sa'ad da Turawan Ingila suka raba shi da gadonsa. Saidu Keita ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, inda mutane suke zuwa da adonsu su zaɓi yadda za a gan su, kamar dai tsohuwar nan tamu. J. D. Okhai Ojeikere kuwa tun daga 1968 ya shiga ɗaukar hoton kitson matan Nijeriya, har ya tara kusan 1,000. A lokacin, kitso abin yau da kullum ne. Yanzu hotunansa suna manyan gidajen tarihi na duniya.

Hoton wahala ma yana da wurinsa. Hotuna masu motsi da Mohamed Amin na Kenya ya ɗauka a Korem ta ƙasar Habasha a 1984 su ne suka tayar da duniya ta kai agajin yunwa. A 1993 Kevin Carter na Afirka ta Kudu ya ɗauki wani yaro da yunwa ta kayar a kudancin Sudan, ungulu tana bayansa. Hoton ya ci babbar lamba a 1994, amma mutane suka yi ta tambaya, shi mai hoton me ya yi wa yaron? Tambayar tana nan a kan kowane mai kamara. Sa'an nan, idan yunwa da yaƙi kaɗai aka nuna, an faɗi rabin gaskiya ke nan. Ƙauyen da ya ga fari shi ne kuma yake gayya, yake biki, yake cika rumbu da kaka.

To, me za a ɗauka? Abin da ido ya saba da shi har ya daina gani. Jinka tana ba kwano wuri, tulu yana ba jarka, ƙwarya tana ba roba, dutsen niƙa da jigo sun kusa zama labari. A ɗauki maƙeri a bakin zuga-zugi, da masaƙa, da marina, da mai ginin tukwane, da kasuwar ƙauye. A lura da hannuwa, domin a nan sana'a take. Baƙar fata a tsakar rana, ga farar riga, ga hula tana jefa inuwa a ido, ba ta fitowa da kyau. A kai mutum inuwar bishiya ko bakin zaure, inda haske yake shigowa daga gefe. A durƙusa daidai tsawon wanda yake zaune, kada a ɗauke shi daga sama. A duba bayansa kuma, kada itace ya fito kamar ya tsiro a kansa.

Kammalawa

A zamanin fim, hoto 36 ne a cikin nadi ɗaya, sai an biya kuɗi an wanke kafin a ga abin da aka yi, don haka mukan yi tunani kafin mu danna. Yau ɗalibi yakan ɗauki 200 a yini ɗaya, wayar ta lalace ko a sace ta, duka su tafi. Shawararmu ita ce a zaɓi masu kyau a wanke su a takarda, a ajiye sauran a wuri biyu. A bayan kowanne a rubuta kwanan wata, da sunan wurin, da abin da ake yi, da sunan mutumin idan ya yarda. Hoton da ba shi da kwanan wata kamar mai shaida ne da ya manta ranar da abin ya faru.

Ga aikin hutu ga duk mai so. Kowa ya kawo mana hotuna 5 daga garinsu: babbar bishiya ɗaya, tsuntsu ko dabba ɗaya, mai sana'a ɗaya a bakin aikinsa, dattijo ko dattijuwa ɗaya bayan an nemi izini, da wani wuri ɗaya, kamar rafi ko kurmi ko bakin kasuwa, wanda zai riƙa komawa yana ɗauka daga inda ya tsaya kowace shekara. Za mu ajiye su a ɗakin karatu na makaranta, mu buga waɗanda suka fi kyau a littafin baɗi. Wanda ba shi da waya ya ari ta yayansa. Allah ya kai mu, ya kuma dawo mana da ku lafiya.